Ba Biza, In Ji Umma

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin labarina. Ga wanda yau ne farkon shigowarsa: sunana Kausar, haifaffiyar Rikkos a nan Jos, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke Kabong, kuma shekara uku ke nan ina jiran mutum ɗaya. Ku da kuke ta turo min "Allah ya kawo Hamman lafiya", ku dakata da addu'ar tukuna ku ji wannan. Ni kaina ban san abin da zan ce ku roƙa min ba.

Hamman ɗan layinmu ne. Mahaifinsa, marigayi Malam Sambo, dillalin shanu ne, amma shi tun yana ƙarami ba a taɓa ganinsa a kara ba, kullum yana filin makaranta da ƙwallo a ƙafa. Ƙwallon ce ta kai shi Biyetnam shekara takwas da suka wuce. A zuwansa na ƙarshe aka kawo gaisuwa gidanmu, aka raba goro da alawa, ya koma a kan zai dawo a ɗaura da an gama kakar wasa. Kaka ta ƙare, wata ta shigo, ita ma ta ƙare. Leshin da Umma ta ajiye min a ƙasan akwati har ya yi layin ninki. Ƙannen Baba in sun zo gaisuwa sai su dube ni sama da ƙasa su ce, "Amaryar waya, ana nan?"

Ranar Alhamis da safe ina ɗakin malamai, na ƙudundune cikin suwaita a kan atamfata, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga saƙonsa.

"Kausar tawa, an ba mu ɗan hutu. Jibi za mu Bankok da yaran kulob, daga can mu leƙa Singafo. Ba biza ba komai, fasfo kawai zan miƙa su buga. Me zan sayo miki?"

Na rubuta, "Ba biza? Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Malesiya ma haka. In na ga dama in yi wata guda."

Ya haɗa da ɗan hoton nan mai baƙin tabarau.

Wallahi daɗi na ji. Kada ku ce min komai, na sani. Amma wadda aka daɗe ana yi wa dariya, in ta sami abin nunawa, ba ta tsayawa juya shi. Ana kaɗa ƙararrawar tara na kira Umma na faɗa mata.

"Ba biza!" in ji Umma. "Ke, maimaita min sunayen ƙasashen a hankali, kada in manta."

Kafin in sauko daga keke da azahar, labarin ya riga ni shiga layi. Mai shagon bakin get ya ce, "Malama, ashe oga ya wuce wurin!" Maman Osinachi mai suyar dankali ta ɗaga min matsami tana cewa, "Mijinka ya yi girma o, ko'ina ba biza!" Na yi murmushi na ja mayafina. Na ji kamar na ƙara tsawo.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Babana, don ku gane girman wautar da muka yi. Alhaji Ahmadu sana'arsa duwatsun ado ne. Yana saye a hannun masu haƙa, ya wanke, ya tantance, ya kai Bankok. Ya fi shekara ashirin yana wannan hanya. Zuwansa neman biza biyu na baya kuwa, duka hana shi aka yi, ba tare da an ce masa ga dalili ba. Tun daga nan sai dai ya ba wasu kayansa su tafi da su. A duk Rikkos, in akwai mutum ɗaya da bai kamata a yi wa fahariyar "ba biza" ba, to shi ne. Shi Umma ta zaɓa.

Yana zaune a falo kan darduma, ya ture farantin duwatsunsa da 'yar tocilarsa gefe, na ajiye masa gwaten acha mai zafi. Umma ta zauna a hannun kujera tana gyara ɗaurin ɗankwali, irin zaman da take yi in tana da magana a baki.

"Alhaji, surukinka fa ya zama babban mutum."

"Ina da suruki ne ban sani ba?"

"Hamman mana. Jibi zai Bankok ɗin nan taku. Kuma ba biza. Daga can Singafo, ita ma ba biza. Ku da kuke ta jigilar takardu zuwa Abuja ana ce muku ku dawo gobe, ga yaron da kake cewa ba shi da sana'a sai guje-guje."

Baba ya mayar da cokalin cikin kwano.

"Hauwa'u, me kika ce?"

"Ba biza na ce."

Ya juyo gare ni. "Da bakinsa ya faɗa, ko ƙarin gishirin uwarki ne?"

Na miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya sa tabaransa ya karanta. Saƙon layi uku ne, amma ya daɗe a kansa kamar yana duba tsaga a jikin dutse.

"Kausar," ya ce, "fasfo irin nawa da naki ba ya shiga Bankok ba biza. Na sha tsayawa a filin jirginsu ina kallon mutanen Biyetnam suna wucewa. Maƙwabtan juna ne, sun yafe wa junansu biza in gajeriyar ziyara ce. Amma wa 'yan ƙasa suka yafe. Baƙon da ya je ci-rani ba ya ciki, ko ya shekara hamsin a can."

Umma ta ce, "To ai shi ɗan ƙwallo ne, Alhaji. Ana girmama su."

"Ba ƙafa suke dubawa ba, fasfo suke dubawa." Ya miƙo min wayar. "Ɗayan biyu ne. Ko ƙarya yake miki, ko ya zama ɗansu. Je ki tambayo shi wanne ne. Ni dai na fi son ƙaryar."

Na shiga ɗaki na tura ƙofa. Ban ko cire takalmi ba na kira shi a bidiyo. Ya ɗauka yana kwance kan gado da rigar kulob, yana dariya.

"Har kin yanke abin da zan sayo?"

"Hamman, da wane fasfo za ka tafi?"

Dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta tafi ba, ba ta kuma ci gaba ba.

"Wa ya sa ki wannan tambayar?"

"Baba."

"Kin nuna wa Baba?" Ya tashi zaune ya dafe kai. "Innalillahi. Bakina ne ya zame. Na manta da 'yar wa nake magana."

"Ba ka ba ni amsa ba."

Ya ba ni. Wai kowane kulob a can an ƙayyade masa yawan baƙin da zai sa a wasa. Shekara biyu da suka wuce gwiwarsa ta fara damunsa, kulob ya samo wani yaro daga Burazil, za a ba shi gurbinsa. Mai kulob ɗin ya kira shi ya ce hanya ɗaya ce ta rage: ya daɗe a ƙasar, yana jin yarensu, ya nemi zama ɗan ƙasa. In ya zama ɗan gida, ba ruwansa da gurbin baƙi. Sharaɗin da aka gindaya masa shi ne ya ajiye takardar zama ɗan Nijeriya, ya kuma ɗauki suna irin nasu.

"Suna?" na ce. "Wane suna?"

"A takarda ne kawai, Kausar."

"Faɗa min."

Ya kau da kai. "Lam Minh Ha."

"Lam wa?"

"Lam sunan gidan mai kulob ne, shi ya tsaya min. Ha ɗin ni na zaɓa, don ya yi kama da nawa."

"Wato sun cinye sauran sun bar maka Ha."

"Kada ki yi min haka."

"Malam Sambo fa? Ina ka ajiye shi?"

"Malam Sambo yana kabari, Allah ya jiƙansa! Rufin gidanmu da wane suna aka yi shi? Maganin Inna na kowane wata fa? Karatun ƙannena mata? Da na dawo Rikkos da gurguwar gwiwa, wa zai ba ni ko aikin gadi? Babanki zai ba ni ke a lokacin?"

Sai na koma kan abin da ya fi ci min rai.

"Shi ya sa ba ka zuwa."

Na ɗora da cewa:

"Ba kakar wasa ba ce. Ba ka da hanyar shigowa ne."

"Ina da ita. Sai dai in nemi biza kamar kowane baƙo. Ko wani ɗan Nijeriya ya rubuto takarda yana gayyatata, ko in ce yawon buɗe ido zan zo. Sau biyu na zauna zan cika takardun. In na zo wurin da aka ce in rubuta dalilin ziyara, sai in kasa. Me zan rubuta, Kausar? Zan je ganin duwatsun Filato?"

Na kusa tausaya masa, sai ya ɓata da kansa.

"Ki saurare ni, na riga na yi tunani. Ai ba dole ango ya halarci ɗaurin aure ba. Kawu ya karɓa min. In an ɗaura, mu haɗu a Malesiya, mu yi satinmu biyu, in wuce da ke."

"Kai ka shiga ba biza. Ni fa, da wane fasfo?"

"Za a nema miki."

"Irin neman da Baba ya yi?"

Ban tsaya nan ba. Na ce, "Inna ta sani?"

"A'a! Kausar, don girman Allah kada Inna ta ji. Kin san hawan jininta."

Na kashe wayar.

Washegari a makaranta na kasa rubuta kwanan wata a allo daidai, sai da yara suka gyara min. Firisila, abokiyar aikina 'yar Anguwan Rukuba, ta ja ni bayan aji na faɗa mata komai. Ta riƙe baki, sannan ta fashe da dariya.

"Madam Ha! Yaranku kuma su zama Ha-ha-ha."

"Firisila, ba wasa nake ba."

"Abeg, yi haƙuri. Amma tsaya in tambaye ki. Rabin samarin garin nan, in aka ce ga fasfon waje, ba sunan uba kaɗai ba, har uban za su haɗa su bayar. Shi ya samu kina kuka?"

"Ƙarya ya yi min shekara biyu."

"Wannan kam ya yi. Kuka a kan wannan, ki bar sauran."

Muka duƙa kan wayarta muna dubawa. Inda zai shiga ba tambaya, Tailan da Singafo da Malesiya da maƙwabtansu, ni sai na roƙa. Inda ni zan shiga ba tambaya, irin su Ghana da Kwatano, shi sai ya roƙa. Firisila ta ce, "To ku haɗu a cikin jirgi, ku yi aure a sama." Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Bayan sallar Juma'a Baba ya kira mu ni da Umma. Yana sanye da farar shaddarsa, bai ko cire hula ba. Umma tun daren jiya ba ta ɗaga kai sosai, don ta san ita ta kai maganar ko'ina, har gidan su Hamman. Na durƙusa na faɗa masa duk yadda muka yi, ban rage ba. Da na zo kan sunan, ya sa na maimaita.

"Sunan gidan wani mutum," ya ce. "Mai rai, mai 'ya'yansa."

"Eh, Baba."

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

"Ban ce yaron nan ya bar addini ba. Ban ce mugu ba ne. Ni da nake gaya miki, ranar da aka dawo min da fasfona ba biza a karo na biyu, da wani ya tare ni a bakin ofishin nan ya miƙo min fasfo irin na yaron nan, ban san abin da zan yi ba. Allah bai jarrabe ni ba, shi ya jarrabe shi. Wannan tsakaninsu ne." Ya gyara zama. "Ga nawa. Ranar ɗaurin aure za a sanar a masallaci an ɗaura auren Kausar Ahmadu da Hamman Sambo. A takardar da za ki bi shi da ita kuma, wani suna za a rubuta, na gidan wani. Uwarsa tana zaune tana karɓar barka, ita kaɗai ce ba ta san ɗanta ya zama baƙo a ƙofar ɗakinta ba. Da ni ba za a yi wannan ba."

Umma ta ce a hankali, "Alhaji, matar nan ba ta da lafiya."

"Na sani. Dole ta ji. In ta ji ta yafe masa, na ba shi 'yata, ko ɗan yawon buɗe ido ya zo a matsayinsa. In kuwa aka yi mata ƙarya a cikin gidana, ko da kalma ɗaya ce, Kausar, ki sa a ranki an gama."

Na tura wa Hamman abin da Baba ya ce, kalma da kalma. Ya karanta nan take. Ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge. Daga ƙarshe ga abin da ya shigo:

"Zan faɗa mata da kaina in lokaci ya yi. Ba yanzu ba. In Inna ta ji daga bakinki wani abu ya same ta, ba zan taɓa yafe miki ba."

Kun gani ko? In na yi shiru na rufa masa, na rasa shi ta hannun Baba. In na faɗa, na rasa shi ta hannunsa. Shi ya yi abin, ni aka bar wa zaɓin.

Ranar Asabar da hantsi ina tsakar gida ina wanke-wanke, na ɗaura zani a kan doguwar rigar barci, hannuna duk kumfa, na ji sallama. Inna Aisatu ce, mahaifiyarsa. Ta sha baƙin saƙi da farin mayafi, tana tafiya a hankali, a hannunta kwano cike da man shanu an rufe shi da faifai. Ba ta cika fita ba, sai abu ya kai abu.

Umma ta fito da sauri ta shimfiɗa mata tabarma, fuskarta kamar wadda aka kama da sata. Baba yana falo, ƙofa a buɗe, labule ne kawai tsakaninmu. Ina jin ƙarar duwatsunsa a faranti. Da Inna ta fara magana, ƙarar ta tsaya.

"Na ce bari in zo mu yi murna tare," in ji ta. "Tun shekaranjiya mutane ke shigo min barka. Wai wancan ɗin ya kai inda ƙasashe ke buɗe masa ƙofa."

"Wancan ɗin" take ce masa. Ɗan fari ne, ita kuma Bafulatana ce ta asali. Tun da aka raɗa masa suna ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta, saboda kunya. Ko wani yaro mai irin sunan ne ya shigo gidanta, sai dai ta ce "takwaran wancan".

Na ɗauraye hannu na durƙusa na gaishe ta. Ta kamo hannuna ta riƙe. Tafinta sanyi ƙalau.

"'Yata, ke ce kuke magana kullum. Ni in ya kira sai ya jiki, ya magani, shi ke nan. Akwai abin da na kwana biyu ina juyawa, kaina ya kasa. In dai har ana barinsa ya shiga ko'ina ba a tambayarsa, kuma ga shi an ba shi hutu, me ya sa can zai tafi? Me ya hana shi zuwa nan in gan shi?"

Umma ta miƙe wai za ta ɗora shayi. Labulen falo ya ɗan motsa.

Da zan iya cewa hutun gajere ne, kuma ba ƙarya ba ce. Har maganar ta zo bakina. Amma na san Baba, na kuma san kaina: gaskiyar da aka faɗa don a rufe wata gaskiyar, a wurinsa sunanta ƙarya.

"Inna," na ce, "bari ki ji daga bakin mai ita."

Na ciro wayar daga ƙugun zanina na danna masa kiran bidiyo. Ban yi masa gargaɗi ba. Ku kira shi cin amana in kuna so. Ya ɗauka yana filin jirgi, jaka a kafaɗa, abokan wasansa na kai da komo a bayansa.

"Kausar, yanzu ba zan iya..."

Na sa wayar a hannun Inna.

Ta riƙe ta nesa da fuska yadda tsofaffi ke yi, ta sunkuyar da kai gefe don kunya, tana murmushi. Shi kuwa bakinsa ya buɗe.

Sai wani daga cikin yaran ya ɗaga murya daga bayansa, yana nuna layin shiga jirgi.

"Ha! Ha oi!"

Hamman ya waiga. Bai yi tunani ba, jikinsa ne ya waiga. Ya ɗaga hannu ya amsa da yarensu, sannan ya juyo, ya tuna wa ke kallonsa.

Murmushin Inna ya tafi. Ta ɗago kai, ta matso da wayar daf da idonta, ta dube shi kai tsaye, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Hamman," ta ce.

A bakin madafa, kofi ya suɓuce daga hannun Umma. Baba ya ɗaga labule ya tsaya.

"Hamman ɗan Sambo. Wa suka kira ka amsa?"